Kasafin Kuɗi da Dokokin Tsaro a Majalisar Katsina: Tambayoyi da Amsoshi

Duk ƙarshen shekara, da zarar gwamna ya kai kasafin kuɗi zauren Majalisar Dokokin Jihar Katsina, sai rediyo ta cika da alƙaluma: biliyan kaza na ilimi, biliyan kaza na noma, biliyan kaza na tsaro. Manomin Batsari da ya bar gonarsa ta nesa saboda tsoro, da uwar da ɗanta ke tsare shekara da shekaru ba a yanke masa hukunci ba, su suka fi kowa haƙƙin sanin abin da waɗannan alƙaluma ke nufi. Tambayoyin da ke ƙasa su ne ake yawan ji a majalisun hira da tasha da ƙofar kotu, an kuma amsa su ne bisa tsarin mulkin 1999 da dokokin da ke aiki.

Tun da 'yan sanda na gwamnatin tarayya ne, ina ruwan Majalisar Katsina da harkar tsaro?

Rabin maganar gaskiya ne. Sashe na 214 na tsarin mulki ya ce rundunar 'yan sanda ɗaya ce tak a Najeriya, bai kuma yarda a kafa wata ba. Soja da DSS da sibil difens duk Abuja ke ɗaukar su aiki, ita ke biyan su. Sashe na 215 ya ba gwamna damar ba kwamishinan 'yan sanda umarni a kan zaman lafiyar jiha, amma ya bar wa kwamishinan ƙofa: yana iya cewa sai an kai maganar gaban shugaban ƙasa ko ministan da aka wakilta kafin ya aiwatar.

To amma aikin ɗan sanda kamu ne da bincike. Abin da ke biyo bayan kamu kusan duk a hannun jiha yake. Kundin da ya ce sata laifi ce, ya kuma faɗi shekarun ɗaurinta, wato Final Kod, dokar jiha ce, majalisa ke gyara ta. Lauyoyin ma'aikatar shari'a da ke gurfanar da masu manyan laifuka ma'aikatan jiha ne. Albashin alƙalan Babbar Kotu da na Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a daga asusun tarayya yake zuwa, amma majistarori, alƙalan ƙananan kotunan Shari'a, magatakarda, masinja, ginin kotu, takarda da janareto, duk a wuyan jiha suke. Ga kuma motoci, babura, mai da alawus da jiha ke ba jami'an tarayya don su iya fita aiki. Ba kwabon da ya halatta a cire daga baitulmalin jiha domin waɗannan sai majalisar, mai mambobi 34, ta amince da shi a doka.

Yaya kasafi ke tashi daga hannun gwamna har ya zama doka?

Sashe na 121 ya wajabta wa gwamna ya gabatar da ƙiyasin kuɗin shiga da na kashewa kafin sabuwar shekara ta kama. Daga nan ƙudurin ya bi hanyar da kowane ƙuduri ke bi: karatu na farko, karatu na biyu inda ake muhawara, sai a miƙa wa kwamitin kasafi. A nan ne ake kiran kwamishinoni da manyan sakatarori su kare abin da suka nema, layi bayan layi. Kwamiti ya dawo da rahoto, a yi karatu na uku, a kai wa gwamna. Yana da kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi. In ya ƙi, biyu bisa uku na 'yan majalisa, wato mutum 23, na iya sake amincewa da shi ya zama doka ba da sa hannunsa ba.

Idan shekara ta shigo ba a gama ba, sashe na 122 ya yarda gwamna ya ci gaba da kashe kuɗi gwargwadon na bara, har zuwa wata shida. Idan kuma wata buƙata ta taso a tsakiyar shekara, sai ya kawo ƙwarya-ƙwaryar kasafi. Harkar tsaro na cikin abubuwan da aka fi fakewa da su a irin wannan kasafi na gaggawa, saboda haka ya fi na farko buƙatar a sa masa ido.

A ina zan ga kuɗin tsaro a cikin kundin kasafi?

Ba a wuri ɗaya yake ba. Kasafin Katsina na 2024 ya haura naira biliyan 450, na 2025 ya haura biliyan 680, kuma kundin kowannensu ɗaruruwan shafuka ne. Wanda ke son ganin kuɗin tsaro da shari'a sai ya bi su gida-gida: Ma'aikatar Tsaron Cikin Gida wadda gwamnatin Malam Dikko Umaru Raɗɗa ta ƙirƙiro a 2023, ofishin Sakataren Gwamnati, Gidan Gwamnati, Ma'aikatar Shari'a, ɓangaren kotuna, Hukumar Hisbah, da hukumar kiyaye hanyoyi ta KASSAROTA. A ƙarƙashin kowanne kuma akwai kaso uku: albashi, kuɗin gudanarwa na yau da kullum, da manyan ayyuka.

Na tsakiyan nan, kuɗin gudanarwa, shi ne idon jama'a ya fi tsallakewa, alhali shi ke sa mota ta tashi, shi ke kai lauya kotun Funtuwa ko ta Daura, shi ke biyan kuɗin motar shaida.

In an sa kuɗi a kasafi, shi ke nan an kashe su?

A'a. Kasafi izini ne na kashewa, ba kuɗi ne a hannu ba. Bayan an sa hannu, sai ma'aikata ta rubuta takardar neman a sakar mata, gwamna ya amince, ofishin Akanta Janar ya biya idan akwai kuɗin a asusu. A kowane mataki takarda na iya kwana, ta yi wata, ta ga ƙarshen shekara. A ce an ware wa wata kotu naira ɗari, aka sakar mata talatin. A rediyo ɗari aka ji, a ƙasa talatin ta yi aiki.

Akwai takardu biyu da ke tona wannan. Ta farko ita ce rahoton aiwatar da kasafi da ake fitarwa duk wata uku, wanda jihohi suka shiga wallafawa a intanet tun zamanin shirin SFTAS na Bankin Duniya, wanda ya ƙarfafa wa jihohi gwiwar bayyana lissafin kuɗinsu. A ciki za ka ga abin da aka ware a gefe guda, abin da aka kashe a ɗaya gefen. Ta biyu ita ce rahoton Odita Janar na jiha. Sashe na 125 ya ce ya miƙa shi ga majalisa cikin kwana 90 da karɓar lissafin Akanta Janar, kwamitin binciken asusun gwamnati kuma ya zauna a kansa.

A nawa ganin, nan ne majalisa ta fi cancantar a tuhume ta ko a yaba mata. Amincewa da kasafi a watan Disamba abu ne mai sauƙi. Aikin gaske shi ne ta kira kwamishina a watan Yuli ta ce: mun ba ka izinin gyara kotuna kaza, ina suke? Sassa na 128 da 129 sun ba ta ikon bincike, da kiran kowa ya zo ya ba da shaida, har da ba da sammacin kamo wanda ya ƙi zuwa ba da uzuri ba. Ikon yana nan a rubuce.

Shi kuma kuɗin tsaro da ake cewa gwamna ba ya ba da lissafinsa fa?

Tsarin mulki bai ambaci wani kuɗi da sunan nan ba. Al'ada ce ta gwamnatocin Najeriya, ta tarayya da ta jihohi, a ware wani kaso a ce na sirri ne. Akwai hujja a ciki: wanda ya kawo labarin inda aka ɓoye mutanen da aka sace ba za a rubuta sunansa a rasit ba, don ransa na cikin haɗari. Amma sayen mota, ginin shingen bincike da alawus ɗin jami'ai ba sirri ba ne, kowa na ganinsu da ido. Abin da ya dace shi ne a ware ɗan ɓangaren da dole ya zama sirri, kwamitin tsaro na majalisa ya duba shi a zaman da ba 'yan jarida, sauran kuma a bi da su yadda ake bi da kowane kuɗin gwamnati.

Jami'an C-Watch 'yan sanda ne? Wace doka ta kafa su?

Ba 'yan sanda ba ne. Rundunar tsaron al'umma ce ta jiha, majalisa ta yi mata doka, gwamna ya ƙaddamar da rukunin farko na kusan mutum 1,500 a watan Oktoban 2023. An ɗebo su ne daga garuruwan da ɓarayin daji suka addaba, musamman ƙananan hukumomin da ke bakin daji irin su Jibiya, Batsari, Safana, Ɗanmusa, Ƙanƙara, Faskari, Sabuwa da Ɗandume. Amfaninsu a fili yake: ɗan gari ya san hanyar shanu, ya san wace fadama ke ɓullewa dajin Rugu, ya san baƙuwar fuska.

Iyakarsu kuma biyu ce. Makamai na cikin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai ke yi wa doka, don haka jiha ba ta da ikon ba su kowace irin bindiga ta ga dama. Sannan ba su da hurumin yanke hukunci. Wanda suka kama, hannun 'yan sanda ya kamata ya shiga, daga can sai kotu. Dokar hana azabtarwa ta 2017 ta hau kan kowane jami'i, ba ta ware mai kakin jiha ba.

Wannan batu yana da nauyi a Katsina, domin mun ga abin da ramuwar gayya ta haifar lokacin da 'yan sa-kai ke kamu su kashe ba bincike, dangin wanda aka kashe su shiga daji, gari ya biya da jini. Saboda haka idan kasafin wannan runduna ya zo gaban majalisa, tambayar ba ta tsaya a babura nawa za a saya ba. Nawa aka ware na horo? Nawa na iyalan waɗanda suka rasu a bakin aiki, da jinyar waɗanda aka harba? Ina ofishin da talaka, Bahaushe ko Bafulatani, zai kai kuka idan jami'i ya zalunce shi, kuma wa ke biyan ma'aikatan ofishin? Matashin da aka ba makami aka yi wata uku ba a biya shi ba, an jefa shi cikin jarrabawar da ba kowa ke ci ba.

Me ya sa wanda aka kama kan daɗe a gidan yari ba a yi masa shari'a ba?

Wannan ita ce tambayar da ta fi ci mini rai. A ƙasar baki ɗaya, kusan biyu cikin kowane mutum uku da ke gidan gyaran hali ba a yanke musu hukunci ba, jiran shari'a suke.

Ga yadda abin ke faruwa. An kama mutum da zargin fashi da makami, ko kisa, ko kai wa ɓarayi bayani. 'Yan sanda suka kai shi kotun majistare. Majistare ba shi da hurumin sauraron laifin da hukuncinsa kisa ne, abin da zai iya kawai shi ne ya aika da shi ajiya. Sai 'yan sanda su kwafi fayil su aika ma'aikatar shari'a, wani lauya a sashen gabatar da ƙararraki ya karanta ya ba da shawara: akwai hujjar da za a gurfanar da shi a Babbar Kotu, ko babu a sake shi. Tsakanin aika fayil da dawowar shawara nan ne shekarun mutane ke salwanta. Wani fayil ba a ma kwafe shi ba don ba kuɗin takarda. Wani ɗan sandan da ya yi binciken an yi masa canjin wurin aiki zuwa wata jiha. Wani kuma yana kan teburin lauyan da fayiloli suka fi ƙarfinsa.

Ka je barandar kowace kotu da safe. Za ka ga dattijuwa ta taso daga ƙauye tun asuba, ta ƙulle ɗan kuɗin mota a bakin zane, da kwanon fura ko dambu a leda don ɗanta. Ta zauna a benci har azahar. Magatakarda ya leƙo ya ce, "Baba, yau ba a kawo su ba, motar ba mai. An ɗage sai wata mai zuwa." Ta ce, "To ɗana, Allah ya kai mu," ta ɗauki kwanonta ta nufi tasha. Ba wanda ya zage ta, ba wanda ya karɓi kwabonta, amma an zalunce ta. Wanda aka yi wa fashin shi ma an zalunce shi, domin kafin a fara shari'a shaidu sun gaji, wasu sun ƙaura, wasu tsoro ya hana su zuwa, ƙarshenta mai laifi na gaske ya fita don rashin hujja.

Dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta zo da magani a rubuce: umarnin ajiya na farko kada ya wuce kwana 14, sai an dawo an kawo dalili kafin a ƙara, kuma majistare ya riƙa zagaya caji ofis duk wata yana duba waɗanda ke tsare. Katsina ma tana da tata dokar da ta bi wannan sawu. Sai dai zagaye na son mota da mai, saurin shawara na son ƙarin lauyoyi, kare shaida na son kuɗi. Idan kasafi ya cika hannun masu kamu ya bar masu shari'a hannu sake, kamar a yi ta ɗura hatsi ne a injin niƙan da ba a zuba wa mai ba. Duk ɗan majalisar da ya miƙe ya nemi a ƙara wa sashen gabatar da ƙararraki lauyoyi da kuɗin aiki, ya yi wa tsaro hidimar da ba ta gaza ta sayen motoci ba, ko da kuwa ba za a yi bikin yanke ƙyalle a kanta ba.

An kama ɗan'uwana. Me doka ta ba shi?

Sashe na 35 ya ba shi damar yin shiru har sai ya gana da lauya ko wanda ya zaɓa. Dole a sanar da shi dalilin kamun a rubuce cikin awa 24, da harshen da yake ji. Dole a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu mai hurumi a tazarar kilomita 40, in babu cikin kwana biyu ko lokacin da kotu ta ga ya dace. Wannan wa'adi bai shafi wanda ake zargi da laifin da hukuncinsa kisa ne ba. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama uba ko mata ko ƙane a madadin wanda ake nema. Belin caji ofis kyauta ne. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya ya nemi ofishin Hukumar Ba da Agajin Lauya ta ƙasa da ke Katsina. Wanda kuma aka tsare ba bisa ƙa'ida ba yana da haƙƙin diyya da neman afuwa a bainar jama'a.

Ba an yi dokar kisa ga masu garkuwa da mutane ba? Me ya sa ba a daina ba?

An yi. A 2019 Gwamna Aminu Bello Masari ya sa hannu a gyaran Final Kod da ya tanadi hukuncin kisa ga masu garkuwa da mutane da ɓarayin shanu. A watan Disamban 2020 aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa tsananin hukunci a takarda bai tsorata wanda ya tabbata ba za a kamo shi ba. Kafin a kai ga hukuncin kisa sai an kama, an yi bincike, an samu shaidun da za su tsaya, Babbar Kotu ta yanke, an bi ɗaukaka ƙara har Kotun Ƙoli, sannan gwamna ya sa hannu, abin da gwamnonin Najeriya ba kasafai suke yi ba.

Akwai kuma wani reshe: tun da Babbar Kotun Tarayya ta ayyana ƙungiyoyin 'yan bindiga a matsayin 'yan ta'adda a Nuwamban 2021, wanda aka tuhuma da ta'addanci shari'arsa ta kotun tarayya ce, ƙarƙashin dokar tarayya.

Mene ne bambancin dokar majalisa da umarnin gwamna?

Doka sai ta bi karatu uku a majalisa. Umarni kuwa gwamna ke sa hannu ya fara aiki nan take, amma dole ya jingina da wani iko da wata doka ta riga ta ba shi. Misalin da kowa ya sani shi ne na ƙarshen Agustan 2021, lokacin da aka rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure da ta Ƙanƙara zuwa Sheme, aka hana cinikin dabbobi a wasu kasuwanni da sayar da fetur a jarka, daga baya aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13. Irin wannan mataki yana taɓa abincin dubban mutanen da ba su ji ba su gani ba. Majalisa na da hurumin tambayar wa'adinsa da amfanin da ya yi, ta kuma nemi a sassauta.

Gidajen yari na waye?

Waɗanda ke Katsina da Daura da Funtuwa da sauran garuruwa hukumar gidajen gyaran hali ta tarayya ke tafiyar da su, amma akasarin mutanen da ke ciki laifin dokar jiha ake tuhumar su da shi. A watan Maris na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a gyaran tsarin mulki da ya ba jihohi ikon kafa nasu. Kafin a kai ga gini, akwai abu mai araha: dokar 2019 ta gidajen gyaran hali ta tanadi hukuncin da ba na ɗauri ba, irin aikin yi wa al'umma hidima. Yaron da ya saci kaza ko waya, ya share kasuwa ƙarƙashin kulawa ya fi a kulle shi ɗaki ɗaya da riƙaƙƙun 'yan fashi. Babban Jojin jiha ma yana da ikon zagaya gidajen yari ya saki waɗanda tsarewarsu ta wuce ƙa'ida.

An ce kotuna sun samu 'yancin cin gashin kai. Gaskiya ne?

A tsarin mulki, i. Sashe na 121 ya ce kuɗin kotuna da na majalisar jiha a miƙa su kai tsaye ga shugabanninsu, gyaran 2023 kuma ya ƙara fayyace yadda za a yi. Hikimar ita ce kada alƙali ya riƙa bin ofishin wanda gobe zai iya zama mai ƙara ko wanda ake ƙara a gabansa yana roƙon kuɗin gyaran rufi. Rahoton wata uku shi zai nuna ko ana sakin kuɗin a kan kari.

Gwamnati na da ikon sakin wanda ake tuhuma, misali don a yi sulhu?

Hanyoyi biyu ne. Sashe na 211 ya ba Antoni Janar na jiha ikon janye ƙarar laifi a kowane mataki kafin a yanke hukunci, da sharaɗin ya duba maslahar jama'a da adalci. Sashe na 212 ya ba gwamna ikon yin afuwa a kan laifukan dokar jiha, bayan ya shawarci kwamitin afuwa. Katsina ta gwada sulhu da 'yan bindiga a 2019, bai ɗore ba, kuma har yau mutane sun rabu a kan amfaninsa. Ko mutum na goyon baya ko yana adawa, akwai abin da bai kamata a yi jayayya a kansa ba: wanda aka kashe wa uba ko aka karɓe wa kuɗin fansa yana da haƙƙin a ji ta bakinsa, majalisa kuma ta san sunayen waɗanda aka saka da sharuɗɗan da aka gindaya.

Mu a Daura da Mai'aduwa da Ɓaure muna zaune lafiya. Me ya shafe mu?

Alhamdu lillahi da zaman lafiyar. Amma kuɗin da ke tafiya bakin daji daga tukunyar da kowa ke ci yake fita, kuma kotu ɗaya ce ke jiran kowa. Rikicin gona da burtali, ƙwacen waya, ƙwaya, fyaɗe, fasa-ƙwauri a bakin iyakar Kongolam, da ƙauraye, wato 'yan daba, a unguwannin birnin Katsina, duk ta hannun jami'ai da alƙalai suke bi. Dokar kare yara da aka sa wa hannu a 2020 da dokar hana cin zarafin mutane da aka sa wa hannu a ƙarshen 2023 na kowane gida ne. Su ma suna jiran kasafi: likitan da zai duba yarinyar da aka yi wa fyaɗe ya rubuta rahoto, da wurin da za a ajiye ta idan gidan da ta fito shi ne haɗarin. Kakakin majalisar ma, Alhaji Nasir Yahaya, ɗan Daura ne.

Yaushe za a yi 'yan sandan jiha?

Majalisar Katsina ba za ta iya yi ita kaɗai ba. Sai an gyara tsarin mulki: biyu bisa uku na kowane zaure na Majalisar Tarayya, sannan majalisun jihohi 24 cikin 36 su amince. A Fabrairun 2024 Shugaba Bola Tinubu da gwamnoni suka amince a duba batun. Dattawanmu sun san 'yan dokan En'e, waɗanda aka narkar cikin rundunar tarayya zamanin mulkin Janar Yakubu Gowon. Wasu na tuna yadda suka san kowane lungu, wasu kuma, musamman tsofaffin 'yan NEPU, na tuna yadda aka yi amfani da su a kan 'yan adawa. Duk ranar da ƙudurin ya iso zauren Katsina, abubuwa biyu za a tsaya a kai: wa zai naɗa shugaban rundunar ya kuma iya cire shi, sannan daga wane aljihu albashin dubban jami'ai zai riƙa fita duk wata ba fashi.

Ni talaka, ta ina zan sa baki?

Lokaci ne ya fi muhimmanci. Kuka bayan an sa hannu ba ya sauya layi ko ɗaya. Ana tsara kasafi ne tun daga tsakiyar shekara, ana kuma yin tarukan jin ra'ayin jama'a kafin a kai shi majalisa. Jihar na da mazaɓun kansiloli 361, kowace ƙaramar hukuma na da ɗan majalisa guda. Ku haɗu, 'yan kasuwa ko ƙungiyar manoma ko matan unguwa, ku rubuta buƙata ɗaya takamaimiya: kotun garinmu rufinta na yoyo, ko majistare ɗaya ke zagaya garuruwa uku. Ku sa hannu, ku kai ofishin Akawun Majalisa da sunan Kakaki, ku karɓi kwafi mai hatimi, ku ba ɗan majalisarku nasa.

Idan kwamiti ya kira zaman jin bahasi a kan wani ƙuduri, kowa na iya kai takarda. Idan kuna son sanin nawa aka saka, dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa, Kotun Ƙoli kuma ta yanke a 2025 cewa dokar ta hau kan jihohi. Bayan wata uku ku buɗe rahoton aiwatar da kasafi, ku nemo layin da kuka roƙa, ku kwafe abin da aka ware da abin da aka kashe, ku kai wa ɗan majalisarku a ofishinsa na mazaɓa ku nemi ya tayar da maganar a zaure.